Rasuwar da Na Kai Amurka a Ɓoye

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai, a gidan biki, har a wurin mai niƙa, tambayar ɗaya ce: "Malama Binta, ya Amurka?" Sai in ce lafiya lau, in kawo zancen tsayin gidaje da tsabtar titi, a yi dariya a watse. To na gaji da wannan amsar. Zan faɗa sau ɗaya a rubuce, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda ya karanta da kansa.

Jego ne ya kai ni. Ƙanena Mansur yana zaune a wani gari da ake kira Silver Spring, kusa da birnin Washington, matarsa Rukayya kuma tana da tsohon ciki. Ita marainiya ce, Innarmu kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je. An samu biza, an yanki tikiti, saura mako guda in tashi. Ranar Asabar da hantsi Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Tun ba a ɗauki gawa ba Kawu Sule, ƙanen Inna, ya tara mu a zaure.

"Kada wanda ya kira Mansur," in ji shi. "Kada wanda ya sa hoto a waya. Jarrabawarsa saura kwana ashirin da 'yan kai. Sau biyu yana faɗuwa. In ya ji wannan yanzu, shi ke nan, an gama da shi."

Wanda bai san Mansur ba zai ce wace irin jarrabawa ce haka. Yana da shekara sha tara ya shiga jami'a karatun lauya. Shekara biyar aka ce, yajin aiki ya mai da ita bakwai. Ya yi shekara guda a makarantar horon lauyoyi, ya yi bautar ƙasa, ya yi shekara huɗu yana shiga kotu a Kaduna da baƙar riga da farin gashin nan nasu. Da ya bi Rukayya Amurka, inda take aikin nas, sai aka ce masa duk wannan ya tsaya a bakin ruwa. Ya koma aji. Ya gama aka ce akwai wasu darussa da bai yi ba, ya sake komawa. Bayan nan sai babbar jarrabawar da ke ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali, wadda sau biyu kawai ake yi a shekara. Yanzu shekararsa talatin da tara, shekara shida rabonsa da gida. Inna takan ce, "Wai shi wannan karatun lauya ba ya da gindi ne?"

Kawu ya kira Rukayya ya faɗa mata, ya ɗaure ta da alkawari. Abin ya zo da sauƙi, domin tun farkon wata Mansur ya miƙa mata wayarsa ya ce kada ta ba shi sai ranar Juma'a, ya kira Inna ya mayar. Juma'ar farko aka ce masa wayar Inna ta faɗa ruwa.

Kun san ni, magana ba ta kwana a bakina. Amma da Kawu ya dube ni ya ce, "Binta, ke za ki zauna gida ɗaya da shi, za ki iya?" sai na ce zan iya. Ba wanda ya tilasta ni. Ina so a rubuta wannan a kaina.

Washegarin da aka share makoki na hau jirgi daga Kano. Muka sauka Addis Ababa, aka tsugunar da mu awanni a wani zaure mai sanyi kamar firji, sannan aka loda mu a wani jirgin. Wannan kam ya yi ta tafiya har na fara zaton direban ya ɓata. Aka kawo abinci a ɗan faranti, wata taliya mai yauƙi da ganyen da ban san sunansa ba, na mayar. Matar da ke kusa da ni 'yar Maraɗi ce, za ta wurin ɗanta a Landover. Ta ga ina ta share ido da mayafi ta ce, "Tsoron jirgi ne?" Na ce e. Ita ce ƙaryata ta farko a tafiyar, kuma ta fito sumul har abin ya ba ni tsoro.

A filin jirgin Washington wani jami'i ya juya fasfo ɗina ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce matar ƙanena za ta haihu. Ya ce aiki zan yi musu, biyana za su yi? Na ce, "A biya ni? Ƙanena ne fa, a bayana ya girma!" Ya ɗago ya kalle ni, ya buga hatimi. Wurin 'yan kwastan ne aka yi ta. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Suka zazzage komai a kan tebur: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, kanwa, gero. Kilishin da na sayo mai kyau suka jefa a kwandon shara a kan idona. Ni dai hankalina yana kan wata roba mai jan murfi. Yajin jego ne, Inna da kanta ta zauna a kan tabarma aka daka a gabanta, ta tankaɗe da hannunta, kwana biyu kafin ta rasu. Jami'ar ta buɗe ta shinshina, ta yi atishawa sau uku, ta rufe ta tura mini. Sai a lokacin na saki numfashi.

Ba Mansur ne ya zo ɗaukata ba, yana laburare. Wata abokiyar aikin Rukayya ce ta zo, Sista Rifkatu, mutuniyar Kafanchan. Muna shiga mota ta kama hannuna.

"Yaya, ya haƙuri? Rukayya ta gaya mini."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ta da mota.

"Ni dai abin nan bai kwanta mini ba," in ji ta. "A ƙasar nan ba a ɓoye wa mutum irin wannan. Likita ma a gabanka zai zauna ya ce maka ciwon nan ba ya warkewa."

"To mu ba haka muke ba," na ce mata, da ɗan zafi. "Mu muna tausayin mutum."

Ta ce, "Allah ya sa ya ɗauke shi a tausayi."

Gidan nasu a hawa na biyar yake, ɗaki biyu da falo, a wani dogon bene da za ka haɗu da maƙwabci a lif ya kafa wa bango ido. Zafi kuwa irin na Legas, mai danƙo, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne bangon gidan. Ko'ina ƙananan katuna ne an manna, rubutu cunkus: a jikin firji, a ƙofar banɗaki, a saman tukunyar gas. Mansur ya shigo gab da magariba da jaka a baya kamar ɗan firamare. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu.

"Yaya! Sannu da hanya. Ya kika baro Inna?"

"Tana gaishe ka," na ce.

Rukayya ta dafa tuwo. Na buɗe robar yajin na barbaɗa mata, shi ma ya miƙo kwanonsa. Ya kai loma ɗaya ya lumshe ido.

"Wannan hannun Inna ne. Wallahi ko a mafarki na san shi."

Rukayya ta tashi da ƙyar ta shige banɗaki ta buɗe famfo.

Na ga yadda yake rayuwa, kuma ban taɓa ganin mutum ya ba wani abu kansa haka ba. Ya ajiye aikin da yake yi, na jera takardu a ofishin wasu lauyoyi, yaran da ya isa ya koyar da su. Da ya idar da asuba zai fita, sai yamma. In ya dawo ya ajiye ɗan agogo a gabansa yana amsa tambayoyi, kowace da mintinta, agogon ya yi ƙara ya wuce ta gaba ko ya gama ko bai gama ba. Yana cin abinci yana motsa baki. Ka yi masa magana sai ka maimaita. Na ce masa, "Kai da ka tsaya gaban manyan alƙalai, me ya rage ba ka sani ba?" Ya ce, "Yaya, ba sani ake tambaya ba. Sauri ake tambaya, da dokar ƙasar da ba a haife ka a cikinta ba. Na farko na faɗi da nisa. Na biyu kaɗan ya rage. In na sake faɗuwa, ban san ko ina da ƙarfin na huɗu ba."

Ranar Laraba Rukayya ta haihu, mace. Mansur ya zo asibiti da katunansa a aljihu, ya yi wa jaririya huɗuba, ya zauna awa biyu, ya koma laburare. Na ji haushi, na kuma ji sauƙi, domin duk lokacin da ba ya kusa ba sai na riƙe fuskata ba.

Jego a Amurka wahala ce tsagwaronta. Ba itace, ba garwa, ba ganyen darbejiya. A tukwane nake dafa ruwa in juye a bahon wanka. Ranar da na fara soya kaji, wani abu a silin ya kwarma ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, na rasa inda zan sa kaina, na fito da ludayi a hannu ina salati. Ashe na'urar hayaƙi ce. Mansur ya hau kujera ya kashe ta yana dariya har da riƙe ciki, ya ce bari Juma'a ta zo ya ba Inna labari. Juma'ar ta zo, muka ce masa an kai ta ƙauye wurin 'yan uwa, can kuma ba sabis.

Mutanenmu na can suna da zumunci, ba zan ci amanarsu ba. Suka yi ta zuwa daga garuruwan kewaye, likitoci, injiniyoyi, matansu da 'ya'yansu masu jin Hausa su amsa da Turanci. Sai dai labari ya riga ya zaga, kowa ya sani, kowa kuma an ja masa kunne. Saboda haka gidan ya rabu biyu. A falo barka ake yi, ana ɗaga jaririya ana cewa ta ɗebo hancin babanta. A kicin kuma mata su biyo ni ɗaya bayan ɗaya, su rufe ƙofa, su rungume ni su ce a hankali, "Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙanta." In share fuska in ɗauki faranti in fito ina murmushi. Wallahi na tsani kaina a kwanakin nan.

Ana gobe suna, da la'asar, Mansur ya same mu a ɗaki ina gasa wa jaririya cibiya.

"Na yi tunani a kan suna," in ji shi. "Sunan mahaifiyar Rukayya za a sa, Halima."

Rukayya ta ɗago da sauri. "A'a, don Allah a sa na Inna."

"Kara kike yi mini, na sani," ya ce. "Ke taki ta rasu, ba ki da inda za ki ji sunanta. Ni tawa tana nan da ranta. Ta gaba ta Inna ce, in sha Allahu ita da kanta za ta goya takwararta."

"Ba kara ba ce, wallahi. Ka sa na Inna."

Tana ƙara roƙo yana ƙara kafewa, domin a ganinsa kirki ne take yi, shi kuma ba zai bari ta fi shi ba. Ya juyo gare ni. "Yaya, ba gaskiya na faɗa ba?"

Saura kaɗan in faɗa masa. Na ce ina zuwa, na fita baranda na kira Kawu. Na ce masa ba zan iya ba, yau zan faɗa.

"Saura kwana bakwai, Binta," in ji shi. "Shekara ashirin ɗin yaron nan za ki zubar saboda kwana bakwai? Me za ki ce wa uwarku?"

Na koma ɗaki na ce wa Mansur gaskiya ya faɗa.

Ragon suna ban gan shi da ƙafafunsa ba. Ta waya aka yi odarsa daga wata gona, ya iso a yanke cikin kwali. Wani dattijon likita daga Fort Washington, wanda kowa ke kira Baba Dakta, shi ya yi addu'a. Ya roƙa wa Halima albarka, ya roƙa wa uban sa'a, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu." Amin ɗin da ta tashi a falon nan ta fi ƙarfin addu'ar. Mutum kusan talatin, kowa ya san wadda ake nufi, ban da ɗanta, wanda ya shafa fuska ya leƙa agogo.

Juma'a ta uku Mansur ya ƙi yarda. Ya ce ko mashin ne a hau a kai wa Inna waya. Da ya ga ana ta kwana-kwana sai ya tsare ni da ido.

"Ba ta da lafiya ko? Ku faɗa mini."

"Ƙafar nan ce ta tashi," na ce. "Ta ce kada a ɗaga maka hankali. Ta ce ka gama tukuna."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin ya ga wani abu, amma ya zaɓi kada ya gani. Ya ce to, ya koma kan katunansa.

Ranar Talatar jarrabawa na ce sai na raka shi. Muka shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, matakalar da ke tafiya da kanta ta kusa kayar da ni, ya riƙo ni. A ƙofar zauren jarrabawar mutane ne jingim, yara da masu furfura, kowa da 'yar jakar leda da ake ganin cikinta, ba waya, ba agogo, ba mai magana da wani. Wata budurwa ta durƙusa gefen furanni tana amai, ba wanda ya ko waiwaya. Mansur ya ce, "Da na ji muryar Inna ko sau ɗaya ne." Na dafa kansa kamar yadda take yi, na ce Allah ya ba da sa'a. Yini biyu suka yi a ciki.

Ranar Laraba da yamma, rana ba ta faɗi ba, Baba Dakta ya zo da wasu dattawa biyu suka zauna a falo, domin irin wannan labari ba mace ce ke faɗa ba. Muka ji Mansur tun daga lif yana kiran Rukayya. Ya turo ƙofa da ledar gasasshen kifi a hannu.

"An gama! Rukayya, ba ni wayata. Ko ta yi barci a tashe ta."

Sai ya ga takalma a bakin ƙofa. Ya ga yadda aka zauna. Ya ajiye ledar a ƙasa.

Baba Dakta ya fara da cewa dukkanmu na Allah ne, amma Mansur ni yake kallo.

"Inna ce?"

Na gyaɗa kai.

Ya yi salati, ya zauna a ƙasa inda yake. Can ya ce, "Yau?"

"Yau kwana ashirin da biyar," na ce.

Na zaci zai yi ihu. Da ya yi da ya fi. Tambayoyi ya shiga yi mini ɗaya bayan ɗaya, murya a kwance, kamar ina akwatin shaida.

"Ranar da kika iso, ta riga ta rasu?"

"E."

"Yajin da na ci?"

"Ta daka kafin..."

"Rukayya ta sani?"

"Ta sani."

"Mutanen da suka zo suna?"

"Sun sani."

"Ranar da na ce ita za ta goya takwararta, kina tsaye."

Baba Dakta ya ce, "Barista, don kai aka yi. An ga wahalar da ka sha."

"Baba, shekara ashirin ina karatun nan," in ji shi, "kuma farkon abin da aka koya mini shi ne ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Da an faɗa mini, wataƙila in zauna in rubuta, wataƙila in fasa. Amma ni zan zaɓa. Uwata ce. Kwana ashirin da biyar tana cikin ƙasa, ko addu'a ɗaya ban yi mata ba. Ina nan ina dariya a kan na'urar hayaƙi."

Nan ne halina ya ci ni. Kukan da na haɗiye na kwana ashirin da biyar ya fito da wata fuska. Na ce, "Mu muka ɗauke ta, mu muka wanke ta! Shekara shida tana tambayar yaushe za ka zo, kana cewa bari a gama jarrabawa. Da ka zo ko sau ɗaya, da ba sai an ɓoye maka komai ba!"

Ya dube ni ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." Ya tashi ya yi alwala, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Na zauna har aka yi arba'in ɗin jego. Ban ga wani wurin kallo ba, masu tambayata fadar shugaban ƙasa su yi haƙuri. Kullum Mansur zai gaishe ni da safe, da ladabi, kamar yadda ake gaida baƙuwa. Ya cire katunan bango ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwali. Robar yajin kuma ya ɗauke daga kicin, ban san inda ya kai ta ba. Shi ya kai ni filin jirgi, ya ɗauki jakata har wurin awo, ya ce, "Ki gaida gida." Sakamako ba ya fitowa sai bayan wata uku, don haka na dawo ban san ko abin da muka yi ya sayi wani abu ba. Kawu ya tarye ni yana cewa na yi ƙoƙari. Na ce masa kada ya sake faɗa mini haka.

Wayar Inna tana wurina, 'yar ƙarama mai madannai. Na kasa kashe ta, nakan sa mata caji in mayar cikin durowa. Mansur bai kira ni ba tun da na dawo, sai Rukayya ke turo hoton Halima. A ƙarshen Oktoba, ina naɗe sallaya bayan magariba, na ji ƙara daga durowa. Na ciro. Sunan da Inna ta sa aka ajiye masa ne a jiki, Lauyana.

Na ɗauka na yi sallama.

"Na san ke ce, Yaya," in ji shi. "Don Allah kada ki yi magana. Lambar nake so in kira."

Na toshe bakina da mayafi. Ina jin numfashinsa, ina jin kukan jaririya can nesa a bayansa.

Ya ce, "Inna, karatun ya ƙare. Na ci."

Ya ɗan jira, kamar yadda yakan jira ta gama sa masa albarka. Sannan ya kashe.